Garken Awakin Baba

Ni ce na zuba tokar da aka shata gidanmu da ita. Shekarata tara a lokacin, kuma ba don an ga wata basira a tattare da ni aka ba ni aikin ba. Yaya ya tafi kai wa masu cirar albasa abinci, ƙanena bai isa aike ba, Inna kuwa cikinta ya tsufa, sunkuyo ya gagare ta. Sai Baba ya dube ni ya ce, “Uwata, ɗebo toka ki biyo ni.” Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa har yau bai taɓa kiran sunana ba.

Kafin nan a gidan gado muke zaune, cikin gari, gida mai sashe bakwai da ƙofa ɗaya. Namu sashen shi ne na can ƙurya. Kafin mutum ya kai ɗakin Inna sai ya ratsa tsakar gida uku, ya gaida mutane ko yana so ko ba ya so, su kuma su ga abin da ya riƙo a leda. Ruwan wanke-wanken kowa ta bakin ƙofarmu yake bi kafin ya sami rariya, don wajenmu ne gangare. Inna ta yi shekara goma sha ɗaya tana kore ruwan da ba ita ta zubar ba.

Gonar Baba ma haka take. A wutsiyar kanal ɗin ban ruwa take, inda ruwa ke isowa a gajiye. Talata da Asabar ake sakin ruwa a layinsu, kuma sai na sama sun sha sun ƙoshi, sun toshe sun buɗe yadda suka ga dama, sannan abin da ya rage ya gangaro masa. Ya sha bin kanal ɗin a ƙafa da fartanya a kafaɗa, yana roƙon mutane su ɗan ɗaga masa. Ban taɓa jin ya yi faɗa da kowa ba, amma na sha ganin ya dawo ya ture kwanon tuwo. Saboda haka da albasa ta yi kyau shekara biyu a jere, ya sayi fili a bayan gari, tsakanin ƙaramin kanal da hanyar Bunkure, magana ɗaya ya riƙe: a gidan da zai gina ba wanda zai zauna a wutsiya.

Maginin da aka ɗauko tsoho ne gajere mai yawan tari, wanda ya gina kusan rabin garinmu, yake kuma ganin sauran rabin duk a karkace yake. Ya zo da tef ɗinsa da igiya, a shirye ya yi abin da ya saba: soro a gaba, ɗakuna a jere a jikin katanga, in yara sun girma a ƙara ɗaya a bayan wancan, a sake ƙara wani a bayansa. Baba ya ce a dakata. Ya ɗauko injin ban ruwansa, ya jefa tiyo a kanal, ya malala ruwa a filin. Magini ya tattare rigarsa ya koma kan tudu, ya tambaya ko gida za a gina ko shinkafa za a dasa. Baba bai kula shi ba. Ya tsuguna yana kallon inda ruwan ya bi da inda ya kwanta, yana kafa tsinke. Bai yarda da idon kowa a kan ƙasa ba, har da nasa. Filin da kowa ya rantse a miƙe yake, sai ga shi ya gangara kudu da kusan kamu guda.

Kwana biyu aka bari ƙasa ta sha iska. Rana ta uku ita ce ranar toka.

Tsarin Baba ba a takarda yake ba, a kansa yake, kuma duk wanda ya taɓa shiga gonar albasa zai gane shi. Hanya ɗaya ce ta tashi daga soro ta miƙe har katangar baya, mai faɗin da amalanke zai bi da buhuna, kwata kuma ta bi gefenta ta fita ta kudu, inda ruwa ya nuna. Kowane sashe da ƙofarsa a kan wannan hanyar, kamar yadda kowane fangali ke da bakinsa a kan hanyar ruwa. Ba mai ratsa tsakar gidan wani, ba kuma wanda ruwan wani zai bi ta ƙofarsa. Rijiya ma sai da ya tako daga soro, ya tako daga baya, ya sa ta a tsakiya cif. Magini ya yi ta mita cewa hanyar nan kaɗai ta cinye ɗaki biyu. Baba ya ce ta ci, ya yafe mata.

Inna tana zaune a kan tabarma ƙarƙashin lema, ba ta sa baki ba sai da aka zo kan madafi. Baba ya kafa turkensa kusa da soro. Ta ce sam, duk baƙon da ya zauna a soro zai ƙirga mata tukwane, ga shi sana’arta turara shinkafa, tana buƙatar wurin shanya kusa da murhu. A mayar da shi yamma. Baba ya fara bayanin yadda iska ke kaɗawa, ta ce ai ita za ta sha hayaƙin, ba shi ba. Magini ya juya baya yana tari, amma na ga kafaɗarsa tana rawa. Wannan ne kaɗai turken da aka cire a ranar.

Abin da za a gina a lokacin kaɗan ne: katanga, soro, ɗakin Baba, ɗakin Inna, madafi da banɗaki. Sauran duk wuri ne za a ware a bari, sai yara sun girma. Turakun da ake kafawa rassan zogale ne da Baba ya saro da safen nan a shingen gonarsa. Magini ya ce a nemo busasshen itace ko guntun rodi. Baba ya ce turke dai turke ne.

Ya tsaya a gefen hanyar, ta gabas, ya fara takawa yana ƙirgawa a fili, ni kuma ina binsa da ƙwaryar toka ina tayawa. Taki goma tsawo, taki takwas faɗi, wurin da zai ɗauki ciki da falo da ɗan tsakar gida. Ya kafa turke huɗu, aka ja igiya, na bi na zuba toka. Ya ce wannan na yayanki ne. Muka matsa, goma da takwas, ya ce wannan na ƙanenki. Muka sake matsawa, goma da takwas. Da na tambaya wannan kuma na wa, sai ya nuna Inna da haɓa ya ce in namiji ne.

Na tsaya da ƙwarya a hannu ina jira a matsa. Ba a matsa ba. Baba ya fara naɗe igiya.

“Baba, ina nawa?”

Magini ya yi dariya har tarinsa ya tashi. Da ya lafa ya ce naki ɗakin wani ne zai gina miki, yarinya, yana can yanzu yana wasan ƙasa a wani gari. Inna ma ta murmusa. Baba bai yi dariya ba. Ya leƙa ƙwaryar ya ce toka ta kusa ƙarewa.

“Ni ko a wutsiya ba a sa ni ba,” na ce.

Inna ta daka mini tsawa, ta ce wa ya koya mini mayar wa manya magana. Ba wanda ya koya mini, maganar Baba ce da na ji sau ɗari na mayar masa. Ya ci gaba da naɗe igiyarsa a gwiwar hannu, bai ɗago ba.

Bayan kwana biyu muka kawo wa masu haƙar harsashi abinci, sai na ga sababbin turaku huɗu a yamma, bayan inda madafi zai zauna, wurin da aka bari fayau. Na tambayi Inna a hankali, don kada magini ya ji. Ba ta ko dube ni ba ta ce garken awaki ne. Awakinmu biyu ne a lokacin, ɗaya ma gurguwa. Na koma gida a ƙafa ni kaɗai ina kuka, ina lissafin cewa an ba wanda ba a haifa ba wuri, an ba gurguwar akuya wuri.

Kuskuren Baba bai fito ba sai bayan mako uku. Ƙasar wajenmu ba ta bushewa. Ko a tsakiyar rani ruwan kanal yana tsattsafowa ta ƙarƙashi, in ka haƙa kamu biyu sai ka ji danshi, ga kuma ruwan da ya malala da hannunsa. Turakun ɗanyen zogale suka yi toho, duka goma sha shida. Magini ya ce ya gina gidaje ba adadi, amma bai taɓa ganin gidan da aka shuka ba sai namu. Baba ya ji kunya, na gani a fuskarsa, don manomi ne kuma ya fi kowa sanin halin zogale. Amma da ya zagaya ya duba sai ya ce a bar su. Toka ruwan sama zai wanke, busasshen turke gara za ta ci, waɗannan kuwa za su riƙe wa yara wurinsu.

Haka muka tare a gidan da rabinsa tubali ne rabinsa itatuwa. Cikin Inna ya zo namiji, shi ne autanmu. Yaran maza suka tashi kowa ya san zogalensa, har faɗa suke in wani ya ɗaure igiyar shanya a na wani. Inna ta daina sayen ganye, maƙwabta ma suka riƙa aiko yara a tsinko musu na kwaɗo. Duk shekara kafin damina Baba yakan bi itatuwan da adda ya yi musu aski, don kada su yi tsawo iska ta kayar.

Garken kuwa ba a taɓa ɗaure akuya a cikinsa ba. Da muka tare, Baba ya yi wa awakin ’yar rumfa a gindin katanga kusa da soro, ya ce kafin a gyara musu wurinsu. Kafin ɗin nan bai ƙare ba. Wurin ya zama na kowa kuma ba na kowa ba: Inna ta tara itacen turara a gefe ɗaya, ta shimfiɗa tabarmin shanya a ɗaya gefen, tsofaffin tukwane da karyayyen turmi duk can suka ƙare. Abin ya zama abin tsokana a gidan. In aka rasa wani abu sai a ce a duba wajen awakin Baba.

Ni dai ban taɓa yin dariyar ba. Ni mai riƙo ce, na san halina, kuma ban yi ƙoƙarin gyarawa ba. In aka ce in share gida, sai in share tsakar gidan Inna da hanya, in bar wuraren mazan da ganyensu, in ce masu wuri su share. Ina son Baba, ba na shakka a kan wannan. Shi ya tsaya na yi karatu lokacin da ’yan’uwansa ke cewa ya isa haka, shi yake kai ni tasha a kan keke in zan koma makarantar horon malamai, da ƙullin soyayyar gyaɗa a aljihunsa. Amma a ƙasan zuciyata na ajiye cewa mutumin nan ya taka wa kowa wuri ya tsallake ni. Na ɗauki kaina baƙuwa a gidan da na zuba wa toka, kuma na yi zaman baƙunta yadda ya kamata.

Yaya ya fara aure. Aka sare zogalensa huɗu, aka haƙa harsashi a kan ramukansu, ko kamu ɗaya ba a gusa ba. Magini ya rasu kafin nan, ɗansa ne ya yi ginin, da bulo ba da tubali ba. Bayan shekara huɗu ƙanena ya bi. Tsarin Baba ya yi aiki yadda ya so, dole in faɗi gaskiya. Matan ’yan’uwana sun yi shekaru a gida ɗaya ba a taɓa jin kansu a kan ruwa ko shara ba, don ba abin da ya haɗa su sai rijiya da gaisuwa.

Sau ɗaya na ga Baba ya fusata a kan gidan. Yaya ya fara ajiyar albasa, yana neman inda zai kafa rumbu, ya ce ga wurin awaki nan yana zaman banza. Baba ya ce na awaki ne. Yaya ya ce, Baba, wace akuya? Kallon da Baba ya yi masa ya sa bai ƙarasa dariyarsa ba, kuma a gona ya kafa rumbun. Da ƙanena ya so fasa katanga ta nan ya buɗe shagon cajin waya, bai ma kai maganar gaban Baba ba, Inna ce ta tare shi.

Ni ma na yi aure, da wanda na zaɓa, mai kula da inji a wani wurin casar shinkafa a Kura. Ranar da za a kai ni na yi kuka, amma kukan rabuwa da Inna ne, ban waiwayi gidan ba. Muka kama hayar ɗaki biyu kusa da wajen aikinsa, ina koyarwa a firamare. Allah ya ba mu ’ya’ya mata biyu. Na taɓa ba shi labarin toka da awaki, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ga ni ban yi ba. Daga ranar ya kama wata ɗabi’a: in na kawo tsofaffin takardun jarrabawa gida, sai ya juya bayansu ya zana gidan da za mu gina. Zanensa ba kyau, ƙofofi sun fi ɗakuna girma. Amma a kowane zane akwai ɗakin babbar ’yarmu da ɗakin ƙaramar, kuma a gaba yake sa su.

Zogale ba ya daɗewa kamar sauran itatuwa, yakan ruɓe ta ciki ko iska ta karya shi. Wata rana na zo gida da goyon babbar, na tarar da Baba a wurin awaki da igiya. Ɗaya daga cikin huɗun ya faɗi, ya saro sabon reshe yana auna inda tsohon yake, don ya sa a rami ɗaya. Na ce, Baba, awakin nan dai suna da gata. Ya ce suna da shi, ya ci gaba da danna ƙasa da dunduniya.

Maigidana ya rasu babbar tana aji uku. Ciwon ciki ne na kwana huɗu. Ba mu kai ga sayen fili ba, takardun zanen suna nan a ƙasan akwatina. Na yi takaba a ɗakin hayar, kuma kafin in fita mai gidan ya aiko matarsa, da ladabi da ban haƙuri, cewa ɗansu zai yi aure, suna son ɗakunan. Ban ga laifinsu ba. Shi ma uba ne da ya ware wa ɗansa wuri.

Na dawo gida a adaidaita sahu da yara biyu, kayan ɗakina suka biyo baya a akori-kura. Aka jibge gado da kabad a sashen Auta, wanda aka gina aka rufa amma bai tare ba, don yana aiki a Kano. Mu uku muka shiga ɗakin Inna. Ba wanda ya ɗaure mini fuska. Matan ’yan’uwana suna aiko mini da abinci, suna yi wa yaran kitso. Amma shekarata talatin da huɗu, ina kwana a kan katifa a ƙasan gadon uwata, in zan canja kaya sai na jira kowa ya fita. Yaran suna yin aikin makaranta a soro. Ƙaramar ta taɓa tambayata yaushe za mu koma gida, na ce mata nan ne gida, na ji ƙaryar a bakina.

Sai aka sa ranar auren Auta, wata biyu. Dole kayana su tashi daga sashensa, kuma ba inda za su.

A nan Gwaggo, ƙanwar Baba, ta fara zarya. Akwai wani dillalin albasa, dattijo, matarsa ta rasu, gidansa har da bene. Ya ce yana so. Ba mugun mutum ba ne, ko yanzu ba ni da abin faɗa a kansa. Sai dai gidansa cike yake da ’ya’yansa da jikoki, kuma Gwaggo ta faɗa mini a fili cewa yaran sai dai su zauna wajen Inna, ko dangin ubansu su ɗauka, tunda dama sun nema. Ta ce mace ba ta zama haka, ta ce ina zan sa gadona. Ni ba aure nake so ba, ɗaki nake so, kuma na ga alamar sai na ba da ’ya’yana kafin in same shi.

Na yi mako biyu ina juya abin. Ban kai wa Baba maganar ba. Girman kai ne, na sani. Na tambaye shi wuri sau ɗaya ina da shekara tara, na rantse a raina ba zan sake ba. Wata Talata da la’asar, muna tsince shinkafa ni da Inna, na ce mata ta gaya wa Gwaggo na amince. Inna ta ajiye faifan, ta karkaɗe zaninta, ta nufi ɗakin Baba. Na ji muryarta ta ɗan ɗaga, abin da ba ta saba ba, amma ban ji me ta ce ba.

Washegari da hantsi ina wanke wa yara kayan makaranta, sai ga inuwarsa a kaina.

“Uwata, ɗebo toka ki biyo ni.”

Na zaci banɗaki za a shata wa Auta. Na ɗebo a roba, don ƙwarya ta yi wuya yanzu, na bi shi. Ya wuce sashen Auta bai tsaya ba, ya karya ta wani ɗan lungu da ke gefen madafi, wanda duk rayuwata na ɗauka hanyar ɗauko itace ce. Yaya da ƙanena suna can, sun kwashe itacen, sun naɗe tabarmi, sun fitar da tukwane da turmi. Ban taɓa ganin wurin awaki babu komai a ciki ba tun ina yarinya. Sai na ga ashe yana da girma.

Baba ya tsaya a gindin zogale na farko ya fara takawa yana ƙirgawa a fili. Ya tsufa, gwiwa ta cinye masa taki. Ya isa na biyu a kan goma sha uku. Ya yi tsaki, ya ce wa Yaya zo ka taka, ƙafarka ce irin tawa ta da. Yaya ya taka. Goma. Ya juya ya taka faɗin. Takwas.

Baba ya tsuguna da ƙyar a bakin lungun, ya tone ƙasa da yatsa, ya zaro wani tsohon tubali. A ƙarƙashinsa akwai ɗan reshen kwata, an gina shi tun ranar da aka gina babbar kwatar, an toshe bakinsa. Ya busa ƙurar ya ajiye tubalin a gefe.

“Baba, tun yaushe?”

“Kwana biyu da tambayarki.”

“Me ya hana ka gaya mini?”

“Ba a yi wa ’ya mace ɗaki a gidan ubanta, Uwata. Da na faɗa, gari zai ce ina yi miki fatan zawarci tun ba ki san aure ba. Ni kaina tsoron abin nake ji. Ko da kika dawo na yi ta jan ƙafa, ina cewa ko Allah zai kawo wanda zai riƙe ki da yaran gaba ɗaya.” Ya dafa itacen ya miƙe. “Duk shekara in na zo yi musu aski sai na roƙi Allah kada ya nuna mini ranar da zan sare su. To, ya nuna mini. Zuba tokar.”

Daɗi na ji, don na san ’ya’yana ba inda za su. Haushi kuma na ji, ba kaɗan ba. Shekara ashirin da biyar mutumin nan ya bar ni ina riƙe da shi a zuci, yana gani, yana kai ni tasha da gyaɗa a aljihu, bai ce uffan ba. Haushin kaina ya fi, don na share gefen wurin nan sau dubu, na yi karatun jarrabawa a inuwarsa, ban taɓa tunanin in taka shi ba. Na waiwaya na ga Inna a bakin madafi. Ta ce kada in kalle ta, rantsuwa aka sa ta, kuma awakinta sun yi shekaru suna shan rana a bakin soro saboda ni.

Aka ja igiya daga itace zuwa itace. Na sunkuya na bi ta da toka, layin farko ya fito a karkace. Baba ya sa ƙafa ya goge ya ce in sake. Ya nuna inda ƙofa za ta kalli lungu, lungun kuma ya fita kan hanya, ba ta tsakar gidan kowa ba. Ya tambaye ni ta ina nake son taga, na ce ta gabas. Ya fara bayanin yadda iska ke kaɗawa, sai ya fasa ya ce a sa ta gabas.

Da aka gama, ƙanena ya kawo gatari ya miƙa masa, don shi ya fara sara a na Yaya, shi ya fara a na ƙanena da na Auta. Baba ya riƙe gatarin, ya dubi itacen da ya dasa ranar da na zo da goyo. Sai ya miƙa wa Yaya, ya ce su yi, shi zai je gona ya duba ruwa. Ya ɗauki fartanyarsa ya bi lungu ya fita. Ranar Laraba ce, kuma kowa a gidan ya san ba a sakin ruwa a layinsa ranar Laraba.